Ladan Inji a Cikin Garwa

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Sharada a farkon shekarun 1980 ya san Ladan Inji, ko da ba su taɓa yin magana ba. Galibi ma ba su taɓa yi ba ɗin. Dogo ne siriri mai dogon wuya, kullum da sifana a aljihun baya. Shi ne makanikin layi na huɗu a ɗakin saƙa, injuna ashirin da huɗu a hannunsa, kuma ba a taɓa jin layin ya wuni tsaye ba.

Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Gumel. Farin 1973 ne ya koro shi Kano, daga shi sai tabarma da buta. Ya fara da dako a wani sito a Bompai, ya yi shekara biyu buhu na cin kafaɗarsa, har wani ɗan garinsu ya yi masa hanya a masaƙa. Shara aka fara ba shi, yana kwashe audugar da ke taruwa a ƙarƙashin injuna. Daga shara ya hau saƙa, daga saƙa ya koma gyara, domin yana da hannu. Ya auri Hansatu, ya kama ɗaki biyu a Zawaciki lokacin ana noman gero har bakin ƙofa, ya sayi keke. A ƙauyensu an riga an sa shi cikin waɗanda birni ya karɓa.

Ɗakin saƙa kuwa sunansa ne kawai ɗaki. Fili ne aka yi wa rufin kwano, injuna wajen ɗari uku, kowanne na jifa da ƙoshiya mai ɗauke da zare hagu da dama ba hutawa. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har haƙora mutum yana jin ta. Ba mai jin wani a ciki, saboda haka masaƙa suka ƙago tasu hanyar. A juya yatsa sama, a tayar da inji ke nan. A kifa tafin hannu, a tsayar. A taɓa hula, foman na tafe. Abin da ya fi ƙarfin hannu kuma sai a faɗe shi da leɓe, a buɗe baki sosai ba tare da murya ba, na can ƙarshen layi ya karanta. Da haka ake gulma, da haka ake sanar da suna da ɗaurin aure. Baƙo in ya shigo sai ya zaci duk ɗakin hamma ake yi.

Kamfani ya taɓa raba audugar toshe kunne sau ɗaya, ranar da wasu manya suka zo zagaye. Ta ƙare a makon, ba a sake ba.

A shekararsa ta uku Ladan ya lura ya daina jin jiniyar tashi. Ya ce ko ta lalace ne. Wata Lahadi yana zaune a tsakar gida, Hansatu na daka a gabansa, ya ga taɓarya tana hawa tana sauka, ya ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma, amma ƙarar kamar daga wata unguwa take zuwa. Ya daɗe yana kallon turmin. Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko a shekarar fari.

Yana da dalilin jin tsoron. Watan da ya wuce ke nan aka sallami Idrisu, tsohon masaƙi na layi na biyu. Likitan kamfani ya tsaya a bayansa ya kira lambobi, Idrisu bai maimaita ko ɗaya ba, aka rubuta masa takarda cewa kurma haɗari ne a tsakanin injuna. Injunan da suka kurmantar da shi, su ba a rubuta musu komai ba. Yanzu ga Idrisu can a bakin get da faifan goro, Ladan na wuce shi safe da yamma.

Sai ya yanke shawara: ba wanda zai sani sai Hansatu. Ya ɗaura wa kekensa madubi biyu don ya riƙa ganin manyan motoci, aka ce gayu ne. Ya koyi gane ciwon inji da tafin hannu, ya ɗora a jikin ƙarfe ya ce ga inda matsalar take, aka ce baiwa ce. A masallacin kamfani ba ya yarda da sahun farko, sai inda zai ga bayan wani. In mutum ya fuskance shi, sai ya kafa wa bakinsa ido, su yi hira lafiya lau. A cikin ɗakin saƙa ma ya fi kowa ji, tunda can kowa da ido yake ji.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, gaisuwa daga baya. Mutum ya taho ta bayansa a bakin get ya yi masa sallama, ya yi masa ina kwana, ya tambayi iyali, Ladan na tura kekensa ko waiwaye babu. A Kano ana iya yafe wa mutum rowa, ana iya yafe masa zafin rai, amma ƙin amsa gaisuwa ba shi da mai kare shi.

Malam Mamman ne ya fara ɗaga maganar. Tsohon masaƙi ne a layin Ladan, gajere mai faɗin baki, wanda in ya yi raɗa ana ji a tsallaken titi. Wata safiya a gaban foman da akawun ofis ya nuna Ladan da haɓa ya ce, “Ku rabu da wannan. Tun da aka ba shi sifana ya daina ganin mutane. Ai ba mutum ba ne, inji ne. Kun taɓa ganin inji ya amsa gaisuwa?”

Ladan yana fuskantarsa a lokacin, ya karanta kowace kalma. Sunan ya bi shi kafin azahar. Shekara huɗu ana kiran sa Inji, a ɗakin saƙa, a ofis, har masu sayar da abinci a bakin get. Ya ƙi jinin Mamman ƙi na gaske. Amma ya haɗiye, domin a ce masa marar mutunci yana cin albashi ya fi masa a ce masa bawan Allah yana riƙe da faifan goro.

A ƙarshen 1982 abubuwa biyu suka haɗu. Kamfani ya shigo da sababbin injuna goma sha biyu masu tsayar da kansu in zare ya tsinke, har su kunna jar fitila su kira mai gyara. Aka kuma fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata a watan Janairu, jerin sunayen yana kan teburin Alhaji Uba, manajan ma'aikata.

Injunan nan su suka hana Sanusi sukuni. Akawu ne a ofis, ɗan shekara ashirin da huɗu, ya yi sakandare, kuma ba ya bari a manta. Ya ji a rediyo cewa a ƙasashen waje akwai na'urar da ake kira kwamfuta, tana lissafi, tana dara da mutane, wai nan gaba har tunani za ta yi. Ya haɗa wannan da jar fitilar nan, ya zauna ya rubuta wasan kwaikwayo don bikin ƙarshen shekara na ma'aikata. A wasan, wani attajiri ya sayo Na'ura mai saƙa da lissafi da amsa kowace irin tambaya, ya kori ma'aikatansa. Ma'aikata suka kai ƙara, alƙali ya ce tunda wurin mutane ta karɓa, sai a gwada ta a gani ko mutum ce. Alhaji Uba ya karanta, ya murtuke, sai da Sanusi ya nuna masa shafin da attajirin ya tuba sannan ya sa hannu.

“To wa zai fito a Na'urar?” in ji Alhaji Uba.

“Ranka ya daɗe, ai muna da ita a layi na huɗu. Ba sai an koya mata komai ba.”

Alhaji Uba ya yi dariya har da buga tebur, ya aika aka kira Ladan. Mutumin da jerin sunaye ke kan teburinsa ba a ce masa a'a. Ladan ya ce, “To, Alhaji.”

Ya ɗauki abin kamar gyaran inji. Karatun bokonsa na ajin dare ne, yana bin layi da yatsa, amma cikin mako biyu ya haddace wasan gaba ɗaya, nasa da na kowa. Ana gwaji a ɗakin cin abinci bayan an tashi aikin safe, 'yan wasa a zagaye, kowa na fuskantar kowa. Ladan ya kalli bakin alƙali, da ya rufe sai ya saki amsa da muryar nan tasa marar hawa da sauka, wadda shi kansa ya daina jin ta. Sanusi ya riƙa tafi yana cewa, “Kun ji ko? Wallahi ko Turawan da suka ƙera ta sai haka!” Har Ladan ya fara jin daɗin abin, ya ce wa Hansatu ta zo ta gani.

Ranar Asabar bayan la'asar aka jera bencina a filin lodin kaya, aka haɗa dandamali da katakon dila. Layin gaba kujeru ne: Alhaji Uba, manyan injiniyoyi, da likitan kamfani da tabaransa. Bayansu ma'aikata sashe-sashe, masaƙa sun cika layi na uku zuwa na bakwai, mata da iyali a gefe.

Saura kaɗan a fara, Sanusi ya fito daga bayan labule yana washe baki, rungume da abin da ya ɓoye wa kowa don ya ba da mamaki. Garwar kananzir ce ya sa maƙeri ya yanke mata gindi, aka shafe ta da farin fenti, aka ɗaura mata ƙwan fitila a ka, aka tsaga wata 'yar kafa a gaba daidai ido, aka huhhuda wajen baki.

“Ga kan Na'ura,” ya ce. “Kuma na sake tsari. Za ka tsaya a bakin dandamali ka fuskanci jama'a, kada ka motsa. Alƙali da sauran suna bayanka. Na'ura ba ta waiwaye.”

Ladan ya dubi garwar. Ya ce, “Malam Sanusi, a bar shi yadda muka saba mana.”

“Haba Malam Ladan, ai nan ne daɗin yake! Kai dai da ka ji an ce ‘Na'ura, amsa’, sai ka amsa.”

Da ka ji. Kafin ya sami abin cewa an kifa masa garwa, an ja shi an tsayar. Ciki warin kananzir da fenti, da zafi kamar tanda. Ta kafar nan ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa tsaye, kuma abin da ke gabansa shi ne tabaran likita.

Ya ji katako na motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya san an fara. Ya shiga karanta wasan a zuci, yana auna inda aka kai. Attajiri zai yi fahariya, ma'aikata za su yi kuka, alƙali zai zauna. Amma wa ya san tsawon dariyar da jama'a za su yi a tsakani? Katakon ya daina motsi. Ya ga fuskoki sun ɗago suna kallon sa. Ya ga murmushin Alhaji Uba ya fara sanyi. Ya ga likita ya karkata kai, irin karkatawar mai son ya tabbatar da wani abu. Ladan ya san an yi tambaya, an ce ya amsa, mai yiwuwa har sau biyu, bai kuma san wacce ba ce. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Faifan goron Idrisu ne kawai yake gani.

Sai wani hannu ya ɗago a layi na uku, daidai bayan kan likita. Yatsa ɗaya, yana juyawa sama. Tayar da inji.

Hannun Mamman ne. Ya buɗe faffaɗan bakin nan nasa, ba murya, ya faɗa da leɓe ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi daga ƙarshen layi: Wa, ya, ƙera, ki?

“Mutum ne ya ƙera ni,” in ji Ladan daga cikin garwa. “Amma na fi shi sauri, kuma ba na zuwa jana'iza.”

Ya ga wurin ya kece da dariya. An ɗauka shirun ma cikin wasan yake, Na'ura ce ke ɗumama. Likita ya gyara zama yana dariya shi ma.

Haka aka tafi. Alƙali ya yi tambaya a baya, Mamman ya maimaita da leɓe a gaba, ya juya yatsa, Ladan ya amsa. In dariya ta yi tsawo sai Mamman ya kifa tafi, Ladan ya dakata. Shi Mamman ma kunnensa ɗaya ne mai aiki, wani wurin yakan kuɓuce masa. Nan Ladan ya lura da wani abu. Da Mamman ya yi tuntuɓe, na kusa da shi ya ɗauka. Na bayansa ma bakinsa na motsi. Ya bi layukan da ido iyakar abin da kafar ta bar shi ya gani: na uku, na huɗu, na biyar, masaƙa wajen arba'in, duk bakinsu a buɗe suna miƙo masa tambayar alƙali. Ba wanda ya kalli wani don neman bayani. Ba wanda fuskarsa ta nuna mamaki.

Sau ɗaya Alhaji Uba ya waiwaya. Wani ya taɓa hula, bakuna suka rufe gaba ɗaya, Mamman ya zaro carbi ya hau ja da fuskar salihai. Alhaji Uba ya gyaɗa kai, ya juyo.

Alƙali ya gwada Na'ura da lissafi, ta ci. Ya gwada ta da tarihi, da rabon gado, har da gaisuwa, ta jero ina kwana da ina gajiya ba kuskure. Daga ƙarshe Ladi ta sashen ɗaure kaya ta fito a matar wani korarren ma'aikaci, ta ce baƙin ciki ya kashe mijinta. Duk 'yan wasa suka fashe da kuka. Mamman ya juya yatsa.

“Na ji,” in ji Ladan. “Akwai sauran aiki?”

Alƙali ya miƙe ya yanke hukuncin da Sanusi ya fi alfahari da shi a duk wasan: wanda ba ya zubar da hawaye ba mutum ba ne. Hukunci ne irin na ɗan shekara ashirin da huɗu, amma jama'a sun yi tafi har da tsayuwa. Ana nuna garwar nan ana cewa dubi, ko gezau. A cikinta kuwa Ladan kuka yake yi, hawaye da gumi da majina sun haɗu, ba shi da hannun da zai kai ya share. Kunya ce ta fi yawa a ciki, sannan wani abu mai kama da sauke buhu bayan doguwar tafiya.

Da aka cire masa garwa ya ce fenti ne ya shiga masa ido. Alhaji Uba ya ba shi hannu, likita ya ce bai taɓa ganin mai natsuwa irinsa ba. Sanusi na ta zagaye yana karɓar yabo, bai san abin da ya kusa aikatawa ba, kuma har ya bar kamfanin ba wanda ya gaya masa. Ɗan ofis ne.

Ladan ya sami Mamman a wurin ajiye kekuna yana ɗaure ƙafar wando. Ya tsaya a gabansa.

“Malam Mamman, tun yaushe?”

Mamman bai yi kamar bai gane ba. Ya ɗago ya fuskance shi sosai. “Tun shekarar da aka sallami Idrisu. Ƙoshiya ta ƙwace ta bugi kwano a bayanka, kowa ya zabura, kai ko ƙifta ido.”

“Su wa suka sani?”

“Ɗakin saƙa.”

“Duka?”

“To wa ya rage? Rabinmu ai hanyar muke bi.”

Sai Ladan ya tambayi abin da ya fi ci masa rai. “Sunan nan fa? Shekara huɗu kuna kira na da shi.”

“Akawun ofis ya fara tambaya me ya sa ba ka amsa gaisuwa,” in ji Mamman. “Dole a ba shi dalili kafin ya nemo nasa. Gara su ce ba ka da mutunci da su ce ba ka da kunne. Na san ka ji haushina. Da na gaya maka, ai da ba ka iya ɗaure fuskar da kyau ba.” Ya hau kekensa, ya ƙara da cewa, “Ka gaida Hansatu. Kuma ka wanke fuska, fentin nan ya yi yawa.”

Jerin Janairu ya fito ba sunan Ladan. Ya ƙara shekara biyar a masaƙar, har aka rufe ɗakin saƙa gaba ɗaya, masu ji da marasa ji aka sallame su rana ɗaya. Ya yi 'yan shekaru yana gyara a wata majema a Challawa, daga baya ya buɗe rumfar gyaran injin markaɗe a Zawaciki. A allon rumfar da kansa ya sa aka rubuta Ladan Inji.

Amma in ana hirar wasan nan, ba garwar yake ba da labari ba, Litinin ɗin da ta biyo baya yake bayarwa. Ya iso bakin get da safe yana tura keke, akawun ofis na tsaye da rajistar shiga. A madubin dama ya hango Mamman ya taho ta bayansa, ya ga bakinsa ya buɗe: salamu alaikum, Ladan, ina kwana, yaya iyali. Karo na farko cikin shekara huɗu ya ga gaisuwar da idonsa, ya kuma gane kullum ake yi masa ita. Duk jikinsa ya so ya juya. Ya ga Mamman ya dubi akawu ya watsa hannu, yana faɗin abin da ya saba faɗa, wai inji ba ya amsa gaisuwa.

Ladan ya ƙara riƙe kan keken, ya ɗaure fuska, ya wuce ciki bai waiwaya ba. A zuci ya amsa, har da tambayar mutanen gida.